SAYEN GIDA DA ZAMA A TSIBIRIN SAIFURUS: ABUBUWAN DA YA KAMATA ƊAN KASUWA YA SANI

Tsibirin Saifurus, wanda Larabawa ke kira Ƙubrus, yana daga cikin wuraren da dillalan gidaje na ƙasashen waje ke tallata wa attajiran Nijeriya a 'yan shekarun nan. Tallan kan zo ne da hotunan benaye a bakin teku, da alkawarin biyan kuɗi kaɗan-kaɗan, da kuma albishirin samun takardar izinin zama a Turai. Wasu daga cikin waɗannan alkawura gaskiya ne, wasu rabin gaskiya ne, sa'an nan akwai waɗanda ke iya kai mai saye gaban alƙali. Rarrabe su shi ne aikin farko na duk wanda ke da niyyar kai dukiyarsa can.

Hulɗar ciniki tsakanin tsibirin da Afirka ta Yamma ba sabuwa ba ce. Marigayi A. G. Leventis, wanda kantunansa suka yi suna a Kano da Kaduna da Ikko, kuma wanda ya kafa kamfanin lemon kwalba na Nijeriya a 1951, haifaffen Saifurus ne. Ƙasashen biyu suna cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, kuma tsarin shari'arsu ya samo tushe ne daga na Ingila. Bugu da ƙari, dubban ɗaliban Nijeriya na karatu a jami'o'in arewacin tsibirin, abin da ya sa wasu iyaye ke tunanin sayen ɗaki a can a maimakon biyan haya.

TSIBIRI ƊAYA, HUKUMOMI BIYU

Saifurus shi ne tsibiri na uku wajen girma a Tekun Bahar Rum, bayan Sisili da Sardiniya, kuma faɗinsa murabba'in kilomita 9,251 ne. Ya sami mulkin kai daga Birtaniya a 1960. Cikin watan Yuli na 1974 aka yi juyin mulki da goyon bayan gwamnatin sojan Girka ta wancan zamani, da nufin haɗe tsibirin da Girka. Bayan kwana biyar sojojin Turkiyya suka sauka a arewacinsa. Tun daga nan tsibirin ke rabe biyu, da wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin kilomita 180 a tsakani, wanda sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ke gadi. Zirin ya ratsa ta tsakiyar Nikosiya, babban birnin ƙasar.

A kudu akwai Jamhuriyar Saifurus, wadda duniya ta amince da ita a matsayin halattacciyar gwamnatin tsibirin baki ɗaya. Ta shiga Tarayyar Turai ran 1 ga watan Mayu na 2004, ta kuma koma amfani da kuɗin Yuro a farkon 2008. Garuruwan Limasol da Larnaka da Fafos duk a nan suke. A arewa kuwa, wanda ya ɗan zarce sulusin tsibirin, akwai hukumar Turkawan Saifurus, wadda ta ayyana kanta ƙasa cikin watan Nuwamba na 1983, amma Turkiyya kaɗai ta amince da ita. Kuɗin Lira na Turkiyya ake kashewa a can, ko da yake galibi da Fam na Ingila ake sa wa gidaje farashi. An dakatar da aiki da dokokin Tarayyar Turai a wannan ɓangare. Saboda haka takardar zama da hukumomin arewa suka bayar ba ta ba mutum damar zama a kudu, balle a wata ƙasa ta Turai.

Hatta ƙofar da aka shiga tsibirin tana da muhimmanci. Jamhuriyar Saifurus ta amince da filayen jirgin sama na Larnaka da Fafos ne kawai. Filin jirgin Erjan da ke arewa, wanda sai ta Turkiyya ake zuwansa, haramtacciyar mashiga ce a wurinta, kuma baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba da ya sauka a can yana iya fuskantar hani in ya nemi ƙetarawa kudu.

RIGIMAR FILAYE A AREWA

Gidajen arewa sun fi na kudu araha ƙwarai, musamman a yankunan Kireniya da Famagusta da Iskele, kuma wannan arahar ita ce babban makamin masu talla. Dalilinta kuwa shi ne shakkar da ke tattare da mallakar filayen. Sakamakon yaƙin 1974, Girkawan Saifurus kimanin 160,000 sun bar gidajensu da gonakinsu a arewa suka gudu kudu, yayin da dubun-dubatar Turkawan Saifurus suka ƙaura daga kudu zuwa arewa. Mafi yawan filayen arewa da ke hannun jama'a kafin yaƙin na Girkawa ne, kuma har yanzu da sunayensu suke a littattafan Ofishin Filaye da Safiyo na Jamhuriya.

Takardun mallaka da ake samu a arewa iri huɗu ne. Na farko, filin da tun kafin 1974 mallakar Baturken Saifurus ne. Na biyu, filin da tun kafin lokacin yana hannun wani baƙo, kamar Baturen Ingila. Waɗannan biyu su ne ba su da jayayya sosai, don haka sun fi tsada, kuma ba su da yawa. Na uku, filin Bagirke da aka ba Baturken Saifurus a madadin wanda ya bari a kudu. Na huɗu, filin Bagirke da hukumomin arewa suka raba wa tsofaffin sojoji ko mutanen da suka zo daga Turkiyya. Kashi biyu na ƙarshe su ne masu haɗari, domin mai filin na asali, ko magadansa, ba su saki haƙƙinsu ba.

Kotuna sun daɗe da yin magana a kan wannan batu. A 1996 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, a shari'ar Loizidou, ta yanke hukuncin cewa wata mata da ta bar filayenta a Kireniya ita ce dai mai su, kuma alhakin hana ta cin moriyarsu yana wuyan Turkiyya. Shari'ar da ta fi shafar baƙi masu saye ita ce ta Orams. Wasu ma'aurata 'yan Birtaniya sun sayi fili a ƙauyen Lafitos a 2002, suka gina gida. Mai filin na asali ya yi ƙara a kudu, kotun Nikosiya ta ba da umurnin rushe ginin da mayar da fili da biyan diyya. Cikin watan Afrilu na 2009 Kotun Tarayyar Turai ta ce ana iya zartar da irin wannan hukunci a sauran ƙasashen Tarayyar, kuma a watan Janairu na 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta bi wannan hukunci. Ma'anar haka ita ce duk wanda ya sayi filin rigima a arewa, dukiyarsa da ke wata ƙasa ta Tarayyar na iya shiga cikin haɗari.

Lamarin bai tsaya ga asarar kuɗi ba. Tun watan Oktoba na 2006, dokar laifuka ta Jamhuriyar Saifurus ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai ga wanda ya saya, ko ya sayar, ko ya ba da haya, ko ya tallata kadarar wani ba da yardarsa ba, har da kadarorin arewa. Daga 2024 hukumomi suka ƙara ƙaimi wajen aiki da dokar. A 2025 an ɗaure wasu mata biyu 'yan ƙasar Hungary saboda tallata gidajen arewa, kazalika an yanke wa wani babban mai kamfanin gine-gine ɗan Isra'ila ɗaurin shekara biyar. Wannan ya kamata ya zama gargaɗi ga 'yan Nijeriya da ke karɓar la'ada don samo wa kamfanonin arewa masu saye.

Akwai Hukumar Kadarori da aka kafa a arewa, wadda ta fara aiki a 2006 domin biyan diyya ga masu filaye na asali, kuma a 2010 kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta amince da ita a matsayin hanyar neman haƙƙi. Sai dai daga cikin dubban buƙatun da aka shigar, waɗanda aka kammala ba su kai rabi ba. Haka kuma baƙo ba ya samun takardar mallaka a arewa sai da izinin majalisar ministocin yankin, kuma an tsaurara ƙa'idojin cikin watan Mayu na 2024. Arha dai ba ta ado.

MATAKAN SAYE A KUDU

A ɓangaren Jamhuriya tsarin ya fi inganci, amma shi ma yana da nasa ramukan. Matakin farko shi ne ɗaukar lauya mai zaman kansa, wanda sunansa ke cikin rajistar ƙungiyar lauyoyin Saifurus, kuma ba shi da wata alaƙa da mai sayarwa. Lauyan da kamfanin gine-gine ya ba mai saye kyauta, ba shakka kamfanin yake yi wa aiki. Dillali ma doka ta wajabta masa yin rajista da mallakar lasin, kuma mai saye na da ikon neman ganin lambar rajistarsa.

Mataki na biyu shi ne bincike a Ofishin Filaye da Safiyo, domin sanin ko wane ne mai kadarar, da ko an jinginar da ita ga banki, da ko akwai umurnin kotu a kanta. Lalle ne kuma a duba izinin tsara gari da izinin gini da takardar shaidar kammala aiki, domin ginin da ya saɓa wa zanen da aka amince da shi yakan jawo jinkirin fitar takardar mallaka. In kadarar ta Baturken Saifurus ce da ya ƙaura arewa, to tana ƙarƙashin kulawar Ministan Harkokin Cikin Gida bisa wata doka ta 1991, kuma ba ta sayuwa sai da yardarsa. Bai kamata a ba da kafin alƙalami ba sai an rubuta sharaɗin mayar da shi in bincike ya tono matsala.

Mataki na uku shi ne ajiye kwafin yarjejeniyar ciniki a Ofishin Filaye cikin wata shida daga ranar sa hannu, kamar yadda dokar 2011 ta tanada. Wannan ajiya ita ce ke hana mai sayarwa sake sayar da gidan ga wani, ita ce kuma ke ba mai saye damar neman kotu ta tilasta a mayar da mallaka da sunansa. Tun watan Disamba na 2023, wajibi ne mai sayarwa ya haɗa yarjejeniyar da takardar binciken Ofishin Filaye wadda ba ta wuce kwanakin aiki biyar da fitowa ba.

Dalilin waɗannan dokoki sananne ne. A shekarun bunƙasar gine-gine kafin 2008, kamfanoni da yawa sun jinginar da filaye ga bankuna, suka gina gidaje a kai, suka sayar. Dubban mutane, da yawansu 'yan fansho daga Birtaniya, sun biya kuɗinsu cif, amma suka shekara da shekaru babu takardar mallaka, domin bashin kamfani na kan filin. An yi doka a 2015 don ceto su, kotu ta rushe muhimman sassanta a 2024, majalisa ta sake yin gyara a 2025. Darasin shi ne gidan da ke da takardar mallakarsa ta kansa ya fi aminci. Wanda zai sayi gidan da ba a gina ba tukuna, sai zanensa a takarda, ya tabbata bankin da ke riƙe da jingina ya ba da rubutacciyar yarda ta sakin gidan, kuma biyan kuɗi ya riƙa tafiya da ci gaban aiki. In ba haka ba, ya yi cinikin biri a sama.

Mataki na huɗu shi ne izinin mallaka. Baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba yana buƙatar izinin Majalisar Ministoci, wadda ta miƙa wannan iko ga jami'an gunduma, watau kwatankwacin Di'o. Izinin kan ƙunshi gida, ko gidaje biyu, ko filin gini da bai wuce murabba'in mita 4,014 ba. Ana iya shiga gidan kafin izinin ya fito, amma ba a mayar da mallaka sai da shi. A 2025 an gabatar wa majalisar dokoki wasu ƙudurori na rage abin da baƙi za su iya saye, saboda haka ya dace lauya ya tabbatar da matsayin doka a ranar ciniki.

HARAJI DA SAURAN KUƊAƊE

Farashin da ke jikin talla ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Sabon gida yana ɗauke da harajin VAT na kashi 19 cikin ɗari. Ana rage shi zuwa kashi 5 ga wanda zai mai da gidan mazauninsa na dindindin har shekara goma, amma tun 2023 ragin ya tsaya ne a kan murabba'in mita 130 na farko da kuma Yuro 350,000 na farashi, bisa sharaɗin girman gidan bai wuce murabba'in mita 190 ba, kuma kuɗinsa bai wuce Yuro 475,000 ba. Alal misali, gidan Yuro 300,000 zai tashi Yuro 357,000 da cikakken haraji, ko Yuro 315,000 in an sami ragi. Wanda ya karɓi ragi sa'an nan ya zuba 'yan haya kafin cikar wa'adi, za a nemi ya mayar da wani kaso na abin da aka rage masa.

Tsohon gida ba ya ɗauke da VAT, sai kuɗin mayar da mallaka: kashi 3 cikin ɗari a kan Yuro 85,000 na farko, kashi 5 a kan Yuro 85,000 na biyu, kashi 8 a kan abin da ya haura haka, sa'an nan a yafe rabin jimlar. Gidan Yuro 250,000 ke nan lissafinsa zai kama Yuro 13,200, a biya 6,600. In miji da mata suka saya da sunayensu biyu, kuɗin zai sauko zuwa Yuro 4,550, domin kowa da rabonsa ake yi wa lissafi. Ofishin Filaye ne ke ƙiyasta darajar gidan, ba dole ne ya bi abin da aka rubuta a yarjejeniya ba. An soke harajin kadarori na shekara-shekara tun 2017, amma akwai kuɗin ƙaramar hukuma da na shara da na magudanar ruwa, da kuma kuɗin kula da harabar gidajen haɗaka. Ranar da aka tashi sayarwa, akwai harajin kashi 20 cikin ɗari a kan ribar da aka samu.

IZININ ZAMA BA FASFO BA NE

Duk wanda ya ce sayen gida a Saifurus na kawo fasfo, labarin da ya wuce yake bayarwa. An yi irin wannan shiri, inda ake ba da takardar zama ɗan ƙasa ga wanda ya zuba jarin aƙalla Yuro miliyan 2, amma an soke shi ran 1 ga watan Nuwamba na 2020, bayan binciken gidan talabijin na Al Jazeera da ya kai ga murabus ɗin shugaban majalisar dokoki. Kwamitin bincike ya gano cewa fiye da rabin takardun da aka bayar sun saɓa wa doka. Iskar ta juya a sauran ƙasashen yankin ma: Fotugal ta cire sayen gida daga shirinta na bizar masu jari a 2023, Sifen ta rufe nata a watan Afrilu na 2025, kuma a wannan watan ne Kotun Tarayyar Turai ta haramta shirin sayar da fasfo na tsibirin Malta. Girka kuwa tun 2024 ta ɗaga mafi ƙarancin jari zuwa Yuro 800,000 a manyan tsibiranta irin su Kirit.

Abin da ya rage a Saifurus shi ne izinin zama na dindindin. Bisa ƙa'idojin da aka sabunta a watan Mayu na 2023, mai nema zai zuba jarin aƙalla Yuro 300,000, ban da VAT, a sabon gida daga hannun kamfanin gine-gine, ko a ofis da shago, ko a hannun jarin kamfanin Saifurus mai ma'aikata biyar. Tsohon gidan zama ba ya shiga wannan lissafi. Mai sayen gida zai nuna cewa kuɗin daga waje ya shigo da su, kuma yana da tabbataccen kuɗin shiga na Yuro 50,000 a shekara daga waje, da ƙarin 15,000 saboda matarsa, da 10,000 saboda kowane ƙaramin yaro. Magidanci mai mata da 'ya'ya uku ke nan sai ya nuna Yuro 95,000 a shekara. Dokar ƙasar mace ɗaya ta sani, don haka izinin ba ya ɗaukar mata biyu, kuma tun 2023 ba ya ɗaukar iyaye. Ana buƙatar takardar shaidar 'yan sanda da inshorar lafiya, kuma takardun Nijeriya sai an tantance su a Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja kafin su karɓu.

Mai wannan izini ba shi da damar kama aikin albashi a ƙasar, ko da yake yana iya mallakar kamfani ya ci ribarsa. Dole ne ya ziyarci tsibirin aƙalla sau ɗaya cikin kowace shekara biyu, in kuma ya sayar da gidan bai maye gurbinsa ba, izinin ya faɗi. Har zuwa ƙarshen 2025 Saifurus ba ta shiga yankin Shengen ba, watau izinin zamanta bai isa a shiga Faransa ko Jamus da shi ba tare da biza ba. Zama ɗan ƙasa kuwa sai an zauna da gaske: shekara bakwai cikin goma, da wata goma sha biyu a jere kafin neman, da cin jarrabawar harshen Girkanci. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

FITAR DA KUƊI DA HULƊA DA BANKI

Bankunan Saifurus da lauyoyinta na tsananta bincike a kan asalin kuɗi. Za a nemi bayanan asusun banki, da takardun biyan haraji, da rahoton akanta na kamfani, da shaidar duk wata kadara da aka sayar. Kuɗin da aka tura ta hannun 'yan canji, ko daga asusun wani mutum dabam, kan jawo a tsayar da ciniki, kuma ba ya cika sharaɗin izinin zama. Cire Nijeriya da aka yi daga jerin ƙasashen da hukumar FATF ke sa wa ido, cikin watan Oktoba na 2025, bai ɗauke wa mai saye wannan nauyi ba. A gida ma, dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta bayyana wa jami'an kwastan duk tsabar kuɗin da ya haura Dala 10,000, kuma masu riƙe da muƙaman gwamnati wajibi ne su bayyana kadarorinsu na waje ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata.

Babban haɗari ga ɗan kasuwar da ke samun kuɗinsa da Naira shi ne canji. A farkon watan Yuni na 2023 Dala ɗaya tana kimanin Naira 460 a farashin gwamnati, amma cikin 2024 ta haura Naira 1,500. Wanda ya ɗauki alkawarin biya kashi-kashi da Yuro ko Fam kafin wannan faɗuwa, nauyin bashinsa ya ninka sau uku ba tare da an ƙara masa ko bulo ɗaya ba. Haka nan ya kamata a tuna da rikicin bankuna na watan Maris na 2013, lokacin da aka rufe bankin Laiki, aka kuma mai da kashi 47.5 cikin ɗari na ajiyar da ta haura Yuro 100,000 a Bank of Cyprus zuwa hannun jari. Har yanzu Yuro 100,000 ne iyakar abin da doka ta lamunce wa kowane mai ajiya a kowane banki.

ZAMAN YAU DA KULLUM

Ana jin Turanci sosai a tsibirin, amma harkokin makarantun gwamnati a kudu da Girkanci ake yi, saboda haka baƙi da yawa kan kai 'ya'yansu makarantun kuɗi masu bin manhajar Ingila. Ta hannun hagu ake tuƙi, kamar yadda ake yi a Nijeriya kafin 1972. Da bazara zafi kan haura digiri 40 a Nikosiya, da hunturu kuwa gidajen da ba a yi musu rufin hana sanyi ba sukan yi sanyi da danshi. Wutar lantarki na da tsada, domin galibi da man da ake shigowa da shi ake samar da ita. Ƙarancin ruwa matsala ce ta kullum, har ƙasar ta dogara ga tace ruwan teku. Zaftarewar ƙasa da ta lalata gidaje a ƙauyen Fisuri, da gobarar daji da ta ci ƙauyukan tuddan Limasol a watan Yuli na 2025, sun nuna amfanin ɗaukar injiniya ya duba gini da ƙasar da yake kai, da kuma yin inshora. Wanda ke son ba masu yawon buɗe ido hayar gidansa na 'yan kwanaki, sai ya yi rajista da ma'aikatar yawon buɗe ido.

Musulmi zai sami masallatai a kudu, kamar masallacin Umariyya a Nikosiya da manyan masallatan Larnaka da Limasol. A gefen tafkin gishiri na Larnaka akwai masallacin Hala Sultan, inda kabarin Sahabiya Ummu Haram bint Milhan yake, wadda ta zo tsibirin tare da rundunar Musulmi a zamanin Halifa Usman, Allah Ya yarda da su. Sai dai naman alade ya yawaita a abincin kudu, don haka sai an nemi mahautan halal, waɗanda akan samu a manyan garuruwa. A ɓangaren arewa, iyaye su tuna da gargaɗin da Hukumar Kula da 'Yan Nijeriya Mazauna Ƙetare ta yi a 2020 game da tsaron ɗalibai, da kuma cewa Nijeriya ba ta da hulɗar jakadanci da hukumomin yankin.

Batun gado ma abin dubawa ne tun da wuri. An soke harajin gado a Saifurus tun 2000, amma dokar ƙasar ta keɓe wa mata ko miji da 'ya'ya wani kaso na dole, bisa lissafin da ya sha bamban da na shari'ar Musulunci. Wata dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Agusta na 2015 ta ba baƙo damar zaɓen dokar ƙasarsa ta asali a cikin wasiyyarsa. Wanda ya mutu bai rubuta haka ba, ya bar wa iyalinsa doguwar shari'a a ƙasar da ba su sani ba.

Hanyar da ta fi aminci ga mai niyya ita ce ya fara kama haya na wasu watanni, ya ga bazara ya ga hunturu, ya kwatanta farashi a garuruwa dabam-dabam, ya kuma lissafa ko kuɗin haya da gidan zai kawo, bayan an cire haraji da gyara da ladan mai kula, ya kai ribar da wannan jari zai ba shi a kasuwancinsa na gida. Bayan haka ne zai nemi lauyansa, ya ga takardar mallaka da idonsa, kafin ya saki ko sisin kwabo.